Ƙarfe Huɗun da Na Rubuta

Kafanchan,
ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki zaune lafiya a cikin mota, akwatinki yana ɗaure da kyau a sama, direbanku kuma ba mai gudun ganganci ba ne. Ubangiji ya gyara muku hanya, ya tsare ku daga haɗari da mugun mutum, ya sauke ku Kaduna lafiya. Na ce wa mamanki ta sa miki takardar a ƙarƙashin kwanon guzurinki, ta kuma gaya miki kada ki buɗe sai kun wuce Kasuwan Magani. Na san halinki, kafin ku bar gari kin yage ambulan. Ba komai, ki dai karanta a hankali.

Za ki ce gida ɗaya muke kwana, me ya kawo wasiƙa? Tun ranar da kika shigo da takardar masaƙa kina tsalle, kika ce an ɗauke ki akawun lokaci, ke za ki riƙa rubuta shigar ma'aikata da fitarsu, hankalina ya ƙi kwanciya. Na yi murna, har kaza na yanka, amma ban iya cin naman ba. Sau uku ina kiranki don in yi magana. In kin zo kin durƙusa kin ce, "Ga ni, Baba," sai in ce ki kawo mini ruwa. Mamanki ta gaji da ni, ta ce in ba zan iya faɗa ba in rubuta, in daina zagaye gida kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai. Ko yanzu da nake rubutun nan na tashi ya fi sau biyar, na je bakin titi na dawo ba abin da na je yi. Akwai maganar da za ta fito a kaina bayan ran Lahadi, kuma za ta iske ki har Kaduna, don mutanenmu ba sa barin labari ya kwana. Na fi so ki ji ta daga hannuna.

Aikin da za ki fara ran Litinin, shi na yi shekara tara a injin katako na bayan layin dogo, wanda yanzu ciyawa ta cinye. Kina ƙarama a lokacin. Abin da kika sani kawai shi ne ana kiran ubanki Akawu, kuma yana da agogo.

Bari in fara daga ranar da na shiga. Wani dattijon ikilisiyarmu ne ya kai ni wurin manaja, ya ce ga yaro mai aji shida, rubutunsa da kyau, ba ya sha. Manaja ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka zo gobe, za mu duba maka." Na yi godiya har ƙasa. Ban tambayi nawa za a biya ni ba, ban tambayi ƙarfe nawa ake tashi ba, ban nemi takarda ba. Kunya nake ji. A gidanmu ba a tambayar babba nawa zai ba ka. Gayya muka sani. Maƙwabci ya kira, ku fita tun raɓa ba ta bushe ba, a yi ta kiɗa ana huɗa, ba wanda ke duban rana sai gona ta ƙare. A ci tuwo, a sha kunu, a watse. Mako mai zuwa shi ma ya ɗauko garmarsa ya zo gonarka. Da wannan zuciyar na shiga aikin albashi, kuma da ita dukanmu muka shiga. Abin da ban yi tunani ba shi ne manaja ba zai taɓa ɗauko garma ya zo gonata ba.

Da wata ya ƙare aka miƙo mini abin da aka ga dama, na karɓa da hannu biyu. Ranar da aka rufe injin, bayan shekara tara, na je neman kuɗin sallama da rigata mai guga. Aka buɗe fayil aka nuna mini cewa tun farko leburan yini aka rubuta ni, ba ma'aikaci na dindindin ba. Ni da nake rubuta sunan kowa, ban taɓa neman ganin inda aka rubuta nawa ba. Na dawo gida da keke da agogo, sai kunya.

To, Rahila, ki yafe mini, na ɗauki takardarki na karanta sau biyu ranar da kika je kitso. An rubuta albashi, na gani, kuma ya fi duk abin da na taɓa riƙewa. Amma ban ga awa nawa za ki yi a yini ba. Ban ga maganar Asabar ba, ban ga hutun shekara ba, ban ga abin da za a yi in kika yi ciwo ba. Ran Litinin, kafin ki sa hannu a kowace takarda, ki tambaya. Ki gaishe su da ladabi yadda muka koya miki, sa'an nan ki tambaya, ki ce a rubuta miki. Za su yi miki dariya, wataƙila wani ya ce 'yar ƙauye ta zo da tsiya. Ki bar su su yi. Dariyar minti biyu ce. In sun ba ki kwafi, ki sa a cikin Littafi Mai Tsarki, can wurin da kika ajiye takardar baftisma. Takardar albashi ta kowane wata ma kada ki ƙunshe ƙosai da ita, ki tara su.

Yanzu maganar agogo. Manaja ne ya ba ni shi bayan na yi shekara ɗaya, mai sarƙar azurfa, ya ɗaura mini da hannunsa a gaban mutane. Ranar kaina ya kumbura, ko hannun riga ban yarda ya rufe shi ba a sujada. A duk filin injin nan, mutum kusan talatin, ni kaɗai ne mai agogo. Akwai guntun ƙarfen dogo da aka rataye a jikin ɗorawa. Ni nake buga shi da guduma: bakwai na safe a kama aiki, sha biyu a ci abinci, huɗu a tashi. In ban buga ba, rana ba ta ƙare ba.

Wata rana huɗu ta yi, na ɗauki guduma, sai manaja ya riƙe mini gwiwar hannu. Ya ce, "Akawu, lori bai cika ba. Ɗan jira, minti goma kawai." Na jira. Washegari minti ashirin. Kafin damina ta wuce, biyar da rabi ta zama lokacin tashinmu, wani lokaci shida, musamman in akwai taragon jirgi da ke jiran kaya a tasha. A littafi kuwa huɗu nake rubutawa, don haka aka ce mini. Har na saba, da safe ina buɗe littafi nake cika layin tashi gaba ɗaya, huɗu, huɗu, huɗu, don in rage wa kaina aiki. Ran Asabar manaja ya sa a kawo burodi da kifin gwangwani a raba, wani lokaci da tulun kunu. Mutane su yi ta waƙa suna sa masa albarka. Ai gayya ce, mai gona ya ciyar. Ni kuma, in kowa ya watse, sai ya cusa mini sule biyu a aljihu ya ce na sabulu ne.

Kada ki ɗauka ba su sani ba. Suna jin kiran sallar la'asar daga cikin gari kamar yadda nake ji. Akwai wani mai sayen katako, Malam Garba, ɗan asalin kasuwar nan ne tun kakanni, ya taɓa shimfiɗa buzunsa ya yi salla a gefen gungume, ya gama, ya naɗe, ya dube ni ya ce, "Akawu, agogon ne ya tsaya ko kai ne ka tsaya?" Na yi yaƙe na ce agogon Bature ne, ba ya kuskure. Ya shiga harkarsa.

Ki ji ni da kyau a nan. Awa ɗaya da mutum ya ƙara a kan lokacinsa, kuɗi ce, ana ce da ita obataim, kuma haƙƙinsa ce, ba alheri ake yi masa ba. Burodi ba ya maye gurbinta, "sannu da ƙoƙari" ba ya maye gurbinta. In sun ce ki ƙara lokaci, ki tambaya ko za a rubuta. In kuwa wani babba ya ba ki kyauta a inda sauran ma'aikata ba sa gani, atamfa ce ko turare ko 'yan naira, ki mayar masa cikin ladabi. Ni sule biyu na karɓa, kuma da su aka ɗinke mini baki. Abin haushin ma, ko sabulun ban saya da su ba, a shayi suka tafi.

Akwai wani mai tura gungume a bakin zarto, sunansa Bitrus, mutumin Fadan Kagoma. Kin san shi. Shi ne Baba Bitrus mai lemu a tashar mota, wanda ke ba ki lemu kyauta tun kina firamare. A lokacin nan ƙato ne, shi kaɗai yake juya gungumen da mutum biyu ke nishi a kai, ga barkwanci. Shi ya fara tara mutane a bayan kasuwa don su shiga ƙungiyar ma'aikata. Ya same ni wata Talata ina ɗaure littattafai a keke ya ce, "Akawu, mu ba mu da agogo. Ka zo mitin ka faɗa lokaci kawai. Ba mu ce ka yi faɗa da kowa ba."

Na ce ina da koyon waƙa a majami'a.

Ya ce, "Waƙa yana nan har gobe. Mu rana yana faɗi a kanmu."

Ban je ba. A raina ina cewa ƙungiya ta 'yan tada zaune tsaye ce, Kirista na kirki ba ya jayayya da maigidansa. Haka na lulluɓe tsorona da rigar ibada, na je na rera waƙa da babbar murya. Ke in kin ji ana taron ƙungiya a masaƙa, ki je. Ban ce ki hau tebur ba, ban ce ki yarda da duk abin da aka faɗa ba, don a can ma akwai masu daɗin baki da ke neman na aljihunsu. Ki je ki zauna ki saurara, ki san abin da doka ta ba ki da abin da ta ba na ƙasa da ke. Mutum ɗaya in ya yi tambaya korarsa ake yi, amma mutum ɗari sai an ba su kujera.

Na sake tashi na je na dawo. Mamanki tana kallona ta taga, ta ce in gama abin da na fara. To, ga shi.

Wata Alhamis ce, shekara goma sha ɗaya ke nan, kina aji biyu. An yi ruwa da rana, itace duk ya jiƙe, ga tarago yana jira. Tun bakwai na safe Bitrus yake tsaye a bakin zarto, hutunsa na abinci ma an katse shi. Na ga yana girgiza kai kamar mai korar barci. Gungume ya sulluɓe, hannunsa na dama ya bi shi. Ba zan kwatanta miki abin da na gani ba. Abin da zan gaya miki shi ne, kafin in ruga wurinsa, idona ya faɗa kan agogo, don sabo. Shida saura kwata. Yatsu huɗu suka tafi, babban yatsan ma rabi ya rage. Muka naɗe hannun da rigata muka sa shi a lori zuwa asibiti. A littafina kuwa, tun safe na riga na rubuta cewa Bitrus ya tashi aiki ƙarfe huɗu.

Bayan mako biyu jami'in ƙwadago ya zo bincike, don a san diyyar da za a biya. Aka sa masa tebur a gindin ɗorawa. Manaja ya ce an tashi aiki ƙarfe huɗu kamar kullum, Bitrus ne ya tsaya a ɓoye ya kunna inji don ya yanka wa kansa katakon ƙofa. Mutum biyu daga cikin leburori suka miƙe suka ce ƙarya ne, dukansu suna aiki, rana ta kusa faɗuwa. Jami'in ya tambaye su, "Kuna da agogo?" Suka ce a'a. Sai ya juyo wurina ya buɗe littafi.

"Malam Akawu, wannan rubutunka ne?"

Na ce nawa ne.

"Ƙarfe nawa aka tashi ran nan?"

Bitrus yana zaune a kan gungume da hannu a rataye a wuya, yana kallona. Ba harara ba, kallo kawai, irin na wanda ya tabbata za a faɗi gaskiya yanzu. Mamanki tana da cikin ƙanenki wata takwas. Gidan da muke ciki na haya ne. Duk wannan ya zo mini a rai, kuma shekara da shekaru ina jera wa kaina su kamar hujja. Amma matar Bitrus ma goyo take da shi a lokacin, kuma na sani.

Na ce, "Abin da ke littafi, shi ne."

Shi ke nan. Ba a biya shi diyya ba. Manaja ya ba shi fam uku wai taimako ne don Allah, aka kawo takarda ya dangwala da yatsan hagu cewa ba shi da sauran magana, aka sallame shi. Ni na riƙe masa takardar don kada iska ta ɗauke. Mutum biyun da suka yi magana ma ba su kai ƙarshen wata ba. Kin taɓa tambayata, kina 'yar shekara goma, me ya sa nake tsallaka titi in mun zo kusa da mai lemu. Na ce miki rana ce ta yi yawa a wancan gefen.

Jiya da hantsi na kasa zama, na je tasha. Na same shi yana feraye lemu, ya danne shi a ƙirji da dungun hannu, wuƙa a hagu. Na tsaya a gabansa. Ya ɗaga kai ya ce, "Akawu, yau ka ɓata hanya ne?"

Na ce, "Bitrus, ran nan ba ƙarfe huɗu ba ne."

Ya ci gaba da ferayarsa. "Na sani. Ina wurin ai."

Na ce na zo neman gafara, kuma in akwai abin da zan iya biya a hankali, zan biya.

Ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Kuɗi ya wuce, inji ya mutu, manaja ya tafi garinsu. Hannu kuma ba zai tsiro ba. Amma yarana sun girma suna ji wai ubansu ɓarawon katako ne, Allah ya kama shi. Babban ya je neman aure, dangin yarinya sun faɗa mishi haka a fuska. Ka ce ba huɗu ba. To ƙarfe nawa ne?"

Na ce, "Shida saura kwata."

Ya ɗauki wuƙar ya ƙarasa feraye lemun. Sa'an nan ya ce, "Ni ka faɗa mini ba amfani. Ka faɗa inda waɗanda suka ji na farko za su ji. Ran Lahadi, a majami'a, bayan sanarwa." Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban sake roƙo ba. Na je na sami Fasto, ya ce zai ba ni minti biyar. Ran Lahadi zan miƙe a gaban mutanen da suka zaɓe ni ma'aji, a gaban zumuntar mata da 'yan waƙar da na koyar, in faɗi abin da na rubuta miki. Tsoro nake ji, Rahila. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda za ki dube ni in kin dawo Kirsimeti.

Ran Litinin za su ba ki littafi da biro, ko kati da inji, ban san irin nasu na zamani ba. Za ki ga aikin ba wuya, lamba ce kawai a cikin layi. Wata rana wani babba zai tsaya a bayanki ya ce ki gyara kaɗan, minti goma ne, ba wanda zai mutu. Ba zai yi tsawa ba, da fara'a zai faɗa. Ki rubuta lokacin da idonki ya gani, a lokacin da ya gani, kada ki cika layi tun kafin mutum ya fita. In sun kore ki saboda haka, ki hau mota ki dawo, akwai acca a rumbu, ba wanda zai tambaye ki dalili a gidan nan. Kada ki ce kina riƙe aiki saboda mu. Da wannan maganar na cuci mutum, ba na so a yi ta da sunana.

Da zan bar tasha jiya, Bitrus ya tambaye ni ko gaskiya ne yarinyata ta sami aikin akawu a Kaduna. Na ce gaskiya ne, jibi za ta tafi. Ya ce, "To zan ajiye mishi masu zaƙi." Saboda haka na san da safe zai zo bakin tagar mota ya miƙo miki lemu, ya ƙi karɓar ko kwabo, ke kuma ki yi dariya ki ce, "Na gode, Baba," ba ki san komai ba. Yanzu suna kan cinyarki. Ki sha, don da zuciya ɗaya ya ba ki. Amma ki tuna da wane hannu ya miƙo.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya ba ki lafiya da masauki na kirki, ya kiyaye hannuwanki da na duk wanda za ki rubuta sunansa. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. In kin je sujada ran Lahadi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ki yi mini addu'a kada in zauna kafin in gama.

Ni ne mahaifinki,
Yohanna.